Ranar da Muka Kai Babanki Kallon Wasa a Abuja

Zuwa ga 'yata Rahila,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangiji. Ina fata kin tashi lafiya, kuma Zariya ta fara sabawa da ke. Allah ya tsare ki a ɗaki da aji da kan hanya, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da ciwo. Babanki yana gaishe ki. Ƙanwarki Ladi ma tana gaisuwa, kuma tuni ta gaje katifarki ba tare da ta nemi izinin kowa ba.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a cikin ledar ƙuli-ƙuli da daddawa, alhali kullum muna waya. To, ai ba waya muke yi ba. Ke ce kike kira, ki tambaya ko Baba ya sha magani, ko ya ci abinci, ko ya yi barci, sannan ki ce in miƙa masa. Ni dai na zama mai riƙe muku waya. Sai kuma ga Ladi ta zo mini da labarin kin ce in wata ya ƙare za ki tattara kayanki ki dawo Zuru. Wai karatun harhaɗa magunguna ba zai gudu ba, za ki nemi a ɗaga miki zuwa baɗi, don babu mai kula da babanki yadda ya kamata. Kada ki yi mata faɗa, kin san bakinta ba ya riƙe komai. Ban ji haushinki ba. Na dai zauna a gindin rumbu na daɗe, don na san inda maganar ta samo asali, kuma na san da hannuna a ciki. Ki karanta har ƙarshe kafin ki kira ni.

Ke kin taso kin gan ni malamar firamare mai alli a gashi, wadda ke ɗinka wa yaran coci fukafukan mala'iku in Kirsimeti ya zo. Ba ki san ni a kwalejin horon malamai a Kontagora ba. A can ni 'yar wasan kwaikwayo ce, kuma ba yabon kai ba, na iya. Da farko dariyar Hausata suke yi, wai ana jin dutsen Zuru a cikinta. Daga baya suka gano muryar nan ta kan dutse ita kaɗai ce ke kaiwa bencin ƙarshe ba tare da lasifika ba, sai dariya ta ƙare. A ɗakin cin abinci muke gwaji bayan mun ture tebura. Labulenmu zannuwan gado ne da muka haɗa da allura, gemun tsofaffi kuwa auduga ce da kamu. Ɗakinmu ɗaya da Kande, wadda kuke ce wa Anti Kande, risho ɗaya, tukunya ɗaya, in wake ya ƙone mu ci tare muna zagin juna. Ban taɓa jin daɗin rayuwata kamar a shekarun nan ba, kuma ba na jin kunyar faɗa miki.

A shekarar ƙarshe aka ba ni babban matsayi a wani wasa, na wata mai sayar da gishiri da ta kai ƙarar mai gari. Na haddace komai, har a mafarki ina yi. Ana saura 'yan kwanaki sai wani direba ɗan Mahuta ya kawo saƙo cewa Inna, kakarki, tana kwance. Ga yayyena maza a gida, ga matansu, ga ƙannen Inna biyu. Amma ni a raina babu wanda ya san yadda ake dama mata kunu sai ni. Ban ko tsaya tambayar irin ciwon ba, na hau mota. Na isa na tarar da ita a tsakar gida tana sheƙe dawa, zazzaɓi ya sauka tun tuni. Ta dube ni, ta dubi jakata, ta ce da yarenmu, “Wa ya mutu?” Na ce babu. Ta ce, “To wa ya aiko ki?” Ruwa ya cinye hanya, ban samu motar komawa ba sai ranar kasuwa. Kande ce ta hau dandamali a madadina, aka ce mutane har tsayuwa suka yi suna tafi.

Son Inna ba laifi ba ne. Kuskurena shi ne na ɗauka in ba ni a wuri, wurin zai rushe. Wannan tunanin yana kama da ƙauna, amma akwai girman kai a ciki, don yana mai da sauran mutanen gida kamar ba su da hannu. Ki kiyaye shi. In aka ce miki wani ba shi da lafiya, ki tambaya mene ne, wa ke wurinsa, me aka yi masa, kafin ki nemi takalminki.

Daga nan na gama, na yi aure, aiki ya zo, kuka zo. Ban ƙara hawa dandamali ba. Na ce wa kaina na manta, ashe ajiye abin na yi yana girma. Duk lokacin da Kande ta kira ta ce sun je wani gari sun yi wasa, sai in yi mata murna da baki, in ajiye waya in kama share tsakar gidan da aka riga aka share.

Yanzu ga abin da ba ki sani ba game da tafiyarmu Abuja. Kin tuna kina aji biyar na sakandare lokacin, babanki kuma bai daɗe da barin aikin soja ba, bayan abin da ya gani a arewa maso gabas. Kin san yadda ya dawo. Ƙofa in ta buga da ƙarfi sai ya zabura, ba ya zama ya juya wa taga baya. Kande ta kira ta ce ta shirya wasa mafi girma a rayuwarta, ta ajiye mana kujeru huɗu. Sai ta ƙara da cewa, “Na'omi, akwai harbi fa a tsakiyar wasan, mai ƙara sosai, kuma cikin duhu. Oga zai iya?” Na ce mata, “Ba komai, ai ya warke.” Ban gaya masa ba, ban gaya miki ba. Na san in na faɗa zai ce mu tafi mu bar shi, ke kuma za ki ce ba za ki bar shi shi kaɗai ba, tafiya ta watse. Na fi son in ga wasan nan da in faɗi gaskiya.

Ki riƙe wannan, Rahila. In kin san wani abu da zai taɓa mutum, ki faɗa masa tun da wuri, ki bar shi ya zaɓa da kansa. Ko da faɗar za ta hana ki abin da kike so, ki faɗa. Za ki samu ƙawaye a can, wata rana za ki samu wanda zai ce yana son ki. Kada ki yanke wa kowa hukunci a ɓoye don lamarinki ya tafi daidai.

A hanya ma ban kyauta ba. Na sa direba ya ratse da mu kwaleji a Kontagora, wai minti kaɗan. Na yi ta jan ku cikin rana ina nuna muku tagar ɗakinmu, da bishiyar mangwaron da muke haddace magana a ƙarƙashinta, da famfon da muka taɓa faɗa da wata a kansa. Ɗakin cin abincin da nake ba ku labari kamar fada, sai na gan shi ɗan ƙarami, an cika shi da kwamfutoci. Wata ɗaliba ta ce, “Mama, wa kike nema?” Ladi tana ta hamma, ke kina riƙe da jakar magani, babanki yana biye da ni a baya, ga shi ko karyawa bai yi ba. Ni kuwa ko kallonsa ban yi ba, ina can ina neman yarinyar da ta bar wurin tun kafin a haife ki.

Makaranta ana cin moriyarta ne lokacin da ake cikinta. In kin bari sai daga baya, za ki koma ki tarar da ginin, amma mutanen sun watse, kuma masu wurin na yanzu za su tambaye ki wa kike nema. Shi ya sa ba na son ki zauna a Zariya jikinki a aji, hankalinki a ƙofar ɗakin babanki.

Sauran kin gani da idonki, amma bari in faɗa da bakina, don ban taɓa faɗa ba. Wasan la'asar ne. Zauren ga sanyi, ga kujeru masu laushi, Ladi har tana shafa su. Kande ta ce mu zaɓi inda muke so. Ke kika nuna bakin ƙofa, ni na ce a'a, tsakiya, inda ake ganin komai. Aka kashe fitilu. Wallahi da labule ya buɗe na manta ina da miji da 'ya'ya. Bakina yana motsi tare da na 'yan wasan, ina gyara musu tsayuwa a zuciyata. Na san harbin yana zuwa, na ga alamarsa, amma na ce bari wannan maganar ta ƙare tukuna in taɓa shi. Maganar ba ta ƙare ba aka harba.

Babanki ya daka tsawa, “Ku kwanta!” Ya fizgo ki da Ladi ƙasa ya rufe ku da jikinsa, goshinsa ya bugi ƙarfen kujera. Mutane suka fara dariya, sun ɗauka cikin wasan ne. Wasu suka ɗaga wayoyi. Ke kika rarrafo, kika kama hannunsa kina yi masa magana da yarenmu na C'lela a hankali, kika bi da shi ta gaban gwiwoyin mutane har waje, Ladi tana kuka a bayanku. Na miƙe rabi, sai na koma na zauna. Na ce minti ɗaya. Rahila, ban fito ba sai da labule ya rufe, kuma na yi tafi.

Na same ku zaune a gefen inda ake ajiye motoci. Kin jiƙa ɗankwalinki da ruwan leda kin ɗora masa a goshi. Kika ɗago kika ce, “Mama, wasan ya yi kyau?” Ba da faɗa kika faɗa ba, da ma faɗan kika yi da ya fi mini sauƙi. Na yi kuskure, na ci amanarku ku uku, kuma ina neman gafararki.

Amma babban kuskuren ba a Abuja na yi shi ba, a gida na yi. Da muka dawo kunya ta hana ni matsawa kusa da shi. Na ga kin ɗauki maganinsa kin mai da ɗakinki, na yi shiru. Na ga kin daina zuwa gwajin waƙa a coci don kada hadari ya taso ba kya nan, na yi shiru. Kika koma shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinsa duk daren da aka yi ruwa. Matan zumunta suna cewa, “Malama, kin yi sa'ar 'ya,” ni kuma ina amsawa da murmushi. Gaskiyar ita ce na sauke kayana na ɗora wa yarinya, don na fi jin sauƙin a ce ban iya ba da in sake gwadawa a gabanki in kasa. Ba ki ƙwace mini mijina ba, ni na sakar miki.

In kin yi wa mutum laifi, kada ki ja da baya ki ce kunya ce ta hana ki. Ki je wurinsa da kunyar taki, ki zauna, ki yi abin da ya kamata. Ja da baya ba ya biyan wanda aka ɓata wa, ƙara masa aiki yake yi.

To, ga abin da ya faru bayan tafiyarki, wanda na hana Ladi gaya miki don ina so ki ji daga wurina. Ranar Alhamis da la'asar hadari ya taso daga wajen Danko. Babanki ya dawo daga gona ke nan, ko ƙafa bai wanke ba, aka yi wata tsawa da ta girgiza kwanon rufi. Kafin in juya ya shige bayan buhunan dawa a ɗakin ajiya, ya dafe kai. Na tsaya a ƙofa ina kiran sunanki a zuciya. Ban san me kike faɗa masa ba a irin wannan lokaci, ban taɓa tambayarki ba. Sai na jawo kwaryar gyaɗa na zauna a ƙasa kusa da shi, na kama ɓara. Na yi ta surutu, na ba shi labarin akuyar Mama Nkechi mai shago da ta shiga ajinmu ta cinye taswira, na yi masa ƙorafin tsadar taki. Can sai na ga hannunsa ya shigo kwaryar. Muka yi ta ɓara tare har ruwa ya tsagaita.

A nan ne na gaya masa maganar wayar Kande. Na ce na san da harbin, na ɓoye masa. Sai ya ce, “Maman Rahila, wayarki ta fi lasifikar coci ƙara. Ina bayan taga ina gyaran keke, na ji duk abin da kunka ce.”

Na ce, “Ka ji? To don me ka bi mu?”

Ya ce, “Shekara nawa ina noma ma babanki kafin a ba ni ke? Tun lokacin ban ga fuskarki ta yi haske irin na ranar da matar nan ta kira ba. Na ce zan daure. Na ɗauka in na san shina zuwa, ba zai kayar da ni ba. Ya kayar da ni.”

Ban faɗa miki wannan don in wanke kaina ba. Saninsa bai goge ɓoyewata ba, bai kuma goge zaman da na yi a kujera ba. Na faɗa miki ne don ki san babanki ba kayan fashewa ba ne da aka ɗauka aka kai Abuja. Mutum ne da ya ji, ya auna, ya zaɓa don matarsa. Mu biyu, ni da ke, mun daɗe muna kallonsa kamar ciwon ne kaɗai ya rage a jikinsa.

Ya faɗi wani abu kuma, na yi ta tunanin ko in rubuta, na ga gara ki sani. Ya ce duk daren da kika kwana a ƙofarsa, shi ma ba ya barci. Yakan yi minshari na ƙarya don ki samu ki runtsa. Ya ce, “Yarinyar ga ta gan ni a ƙasa sau ɗaya, ba ni son ta sake gani. In tana kusa sai in riƙe komi a ciki, har ƙirjina shi yi zafi.” Daga nan ya fara ba ni labarin abin da ya faru da su a daji, da sunayen yaransa sojoji da ba su dawo ba. Bai taɓa gaya wa kowa ba. Ba zan rubuta miki ba, ba naki ba ne. Ya yi kuka, na yi kuka, Ladi ta dawo daga maƙwabta ta same mu a ƙasa cikin ɓawon gyaɗa ta ce ko mun yi faɗa ne.

Kada ki karanta wannan ki ce ashe wahalar banza kika yi. Ba banza ba ce. Lokacin da na kasa, ke kika riƙe shi, kuma da ba ki yi ba ban san inda za mu kasance ba. Amma akwai abin da uba ba zai iya sauke wa 'yarsa ba komai ƙaunarta, sai matarsa. Ba zan yi miki ƙarya in ce ya warke ba, na daina irin wannan maganar. Za a sake tsawa, Kirsimeti na zuwa yara za su yi ta fasa abin wasan wutarsu. Ina jin tsoro. Wata rana zan yi daidai, wata rana zan ruɗe. Mun koma wurin likitansa tare, na zauna na ji bayani da kunnena, maganin kuma yanzu yana kan tagata kusa da Littafi Mai Tsarki.

Abin da nake roƙonki shi ne ki zauna. In kika dawo yanzu, za ki tarar da shi a gona yana duba dawa, ya tambaye ki wa ya aiko ki. Za ki ce baɗi, baɗi ta zo da nata dalilin. Sannan ki ɗauki yunwar abin da kika bari ki yi ta yawo da ita shekara da shekaru, har ranar da za ta sa ki zauna a kujera alhali naki yana waje yana zubar da jini. Na san hanyar nan, ba na son ki bi ta.

Ki shiga ƙungiyar waƙa ta ɗalibai, muryarki ta fi tawa. Na ji ana wasan kwaikwayo a makarantarku, ki je ki kalla, ki zauna inda kike so. Ki samu ƙawar da za ku ƙona wake tare. Ki ci abinci da safe, kada ki ce shayi ya isa. Kiran waya kuma ya koma ranar Lahadi bayan sujada, in akwai wani abu ni zan kira ki, na yi miki alkawari ba zan ɓoye ba. In kin kira, ki ba mu labarin malamanku da abin da kika gani. Ki tambaye ni lafiyata ni ma, ko sau ɗaya, zan ji daɗi.

Ubangiji ya kiyaye fitarki da shigarki. Ya buɗe miki kai, ya ba ki barci mai nauyi, ya tsare ki daga mugun abu da mugun mutum. Ya kiyaye hanyar da za ta kawo ki gida lokacin hutu, ba kafin nan ba. Amin.

Mamanki,
Na'omi

Na karanta wa babanki kafin in naɗe. Ya ce na cika tsawaita magana kamar mai wa'azi, ya karɓi biro. Ga nasa:

Rahila. Kin yi gadi da kyau. Na sallame ki daga aiki. Ki kwanta ki yi barci, 'yata.

Babanki.